Babi na Bakwai: Saiti Kafin Bugu

A gidan dambe, yawancin lokacin turmi a tsaye ake cinye shi. 'Yan dambe biyu sun kafa ƙafa, kowa ya miƙa hannun kariya gaba, ya ja wanda aka naɗe da zare baya, suna kallon juna ido cikin ido, kalangu na tashi. Sukan ɗauki minti guda a haka, wannan ya matso taku ɗaya, wancan ya ja da baya. Sai kwatsam hannu ya fita, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo su miƙe da ihu, ɗaya yana ƙasa. An yi kisa. Matashin da ke durƙushe a bakin fili da kyamara ya duba allonsa cikin ɗoki, sai ya tarar mai sayar da rake da ke can bayan 'yan kallo ya fito tar, har ana iya ƙirga gaɓoɓin rakensa, su kuwa waɗanda suka dambata sun zama inuwa biyu cikin hazo.

Abu na farko da yakan zo wa ɗan koyo a rai shi ne kyamararsa ce ba ta da kyau, da ya samu irin ta manyan 'yan jarida da an wuce wurin. Ba kasafai hakan yake zama gaskiya ba. Dishi-dishin hoton wasa daga wurare uku yake fitowa, kuma kowanne maganinsa daban: ko dai ɗan wasan ya motsa a lokacin da ƙyauren kyamara yake buɗe, ko hannun mai hoton ya yi rawa, ko kuma saiti ya sauka a kan wani abu da ba shi aka nufa ba. Mai raken nan shaida ne cewa kyamarar lafiyarta lau. An bar ta ne ta zaɓi abin da za ta saita da kanta, ita kuwa ta zaɓi wanda ya tsaya cik.

Batun ƙyaure lissafi ne kawai, kuma ya kamata mai hoto ya yi shi sau ɗaya ya zauna masa a kai. Ɗan tseren da ke cin mita 10 a daƙiƙa guda, idan aka buɗe ƙyaure na 1/60 na daƙiƙa, zai yi tafiyar kusan santimita 17 kafin a rufe. Fuskarsa ta goge ke nan. A 1/250 tafiyar ta ragu zuwa santimita 4, a 1/1000 kuma ta koma santimita ɗaya. Ƙwallon da aka narka da gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, don haka ko a 1/1000 sai ta matsa kusan santimita 3. Shi ya sa masu sana'ar suka mayar da 1/1000 wurin farawa a ƙwallon ƙafa da guje-guje, su haura zuwa 1/2000 idan dawaki ne ko naushi. A kuma lura cewa gaɓoɓi sun fi gangar jiki sauri: ƙirjin ɗan dambe yana iya fitowa raɗau a 1/500, hannunsa kuwa ya zama zane.

Gudun ƙyaure da haske ake sayensa, kuma a nan ƙasar Hausa ta yi sa'a. Da rana tsaka, idan sama ta washe, ISO 100 da ƙofar haske f/5.6 suna ba da kusan 1/800. A ɗaga ISO zuwa 200, an samu 1/1600. Ma'ana, ɗan gilashin nan mai sauƙin kuɗi, irin 55-200 ko 70-300 da yawancin masu koyo ke farawa da shi, ya wadatar a wasan da aka take da ƙarfe huɗu na yamma. Matsalar tana zuwa ne bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. A wannan yanki rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa, kuma dambe da kokawa sai gab da magariba suke yin daɗi, lokacin da manyan zakaru ke shiga fili. Kyamarar da aka bar wa ragama za ta yi ta rage gudun ƙyaure a ɓoye, daga 1/1000 zuwa 1/400 zuwa 1/125, mai hoto bai sani ba sai ya koma gida.

Hanyar tsira ita ce a ƙulle gudun ƙyaure, a buɗe ƙofar haske iyakar buɗewarta, a saki ISO ya hau yadda ya ga dama. A kyamarorin Canon ƙulle gudun ƙyaure shi ne saitin Tv, a Nikon da Sony kuma S. Wanda ya fi son riƙe komai a hannunsa sai ya koma M ya bar ISO kaɗai a kan atomatik. Masu koyo da yawa suna tsoron ISO 3200 ko 6400 saboda tsakin da yake yayyafa wa hoto, kuma tsoron ya wuce kima. Hoto mai tsaki wanda fuskar ɗan wasa ta fito sarai a cikinsa ana bugawa a jarida, ana rataye shi a ɗaki, manhaja ma tana rage tsakin. Wanda motsi ya goge babu manhajar da za ta dawo masa da idon da bai ɗauku ba.

Fitilun dare suna da nasu shu'umancin. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da dama suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, abin da ido ba ya gani amma ƙyaure mai gudun 1/1000 yana kamawa. Sai a ga hotuna biyu da aka ɗauka a jere, ɗaya da haske, ɗaya ya yi duhu ko ya ja kore. Tun daga Canon 7D Mark II ta 2014 kyamarori da yawa suka zo da saitin da ke jiran lokacin da fitilar ta cika haske kafin ya ɗauka, kuma ya cancanci a nemo shi a kunna.

Saiti kansa shi ne inda aka fi yin asara. Kowace kyamara tana da hanya biyu: ɗaya tana saita abu sau ɗaya ta ƙulle, ɗaya kuma tana bin sa muddin yatsa na kan maɓalli. Ta farkon ta hoton ango da amarya ce. Ta biyun, wadda Canon ta daɗe tana kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, ita ce ta wasanni, domin ba bin ɗan wasa kaɗai take yi ba, tana ƙiyasta inda zai kai a lokacin da ƙyaure zai buɗe. Amma ƙiyasin yana buƙatar a ba shi lokaci. Wanda ya ɗago kyamara ya danna nan take bai bar ta ta karanci gudun kowa ba. Gwani yakan kama ɗan gaba tun yana karɓar ƙwallo a tsakiyar fili, ya riƙe shi a cikin saiti yana binsa, har ya shiga da'irar mai tsaron gida, sannan ya fara ɗauka.

Sai zaɓen ɗigon saiti. Tsofaffin kyamarori idan aka kunna musu ɗigogi duka sukan cafke abin da ya fi kusa ko wanda ya fi zane-zane: tutar mai taimaka wa alƙalin wasa, ragar waya, allon talla. Ɗigo ɗaya, ko ƙaramin gungu a tsakiya, shi ne ya fi aminci. A ɗora shi a kan ƙirji, inda lambar riga ko rubutu suke, domin na'urar saiti da bambancin haske da duhu take aiki, kuma kai yana da ƙanƙanta, yana kuma yawan kaucewa. A dambe da kokawa, inda babu riga, layu da guraye da bakin wando suna yin wannan aiki. Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane fuska da ido da kansu, kuma suna burgewa idan mutum ɗaya ne a fili, amma a cunkuson bugun kusurwa, da kawuna goma a wuri guda, ba su san wane ne zai sa wa ƙwallon kai ba.

Dalilin da ya sa kuskure kaɗan ke kashe hoto shi ne zurfin wurin da ke fitowa sarai ba shi da yawa. Gilashi mai tsawon milimita 200 a f/2.8, a kan kyamara mai cikakkiyar sensa, idan ɗan wasa yana nisan mita 10, abin da zai fito tar zurfinsa kusan santimita 40 ne kacal. A f/5.6 ya ninka. Wato idan saiti ya zame daga ɗan wasa zuwa mai tsaron bayan da ke taku ɗaya a bayansa, an rasa hoton. Wannan siririn zurfi kuma shi ne ke narkar da 'yan kallo su zama launi kawai, ɗan wasa ya fito shi kaɗai, abin da ke bambanta hoton gwani da na waya.

Akwai wata dabara da takan ɗauki kwanaki kafin hannu ya saba, amma wanda ya saba ba ya komawa. Ana raba aikin saiti da na ɗauka: a mayar da saiti kan maɓallin baya, wanda a kyamarori da dama aka rubuta masa AF-ON, babban yatsa ya riƙa danna shi, manuniya kuma ta tsaya kan ɗauka kawai. Amfaninta yana bayyana a lokacin da alƙalin wasa ya gifta ta gaban kyamara: sai a ɗaga babban yatsa, saiti ya tsaya inda yake, ya wuce, a ci gaba. Haka nan a bugun fanareti ana iya saita mai tsaron gida a kan layinsa, a saki maɓallin, a zauna jira. Kyamara ba za ta sake neman wani abu ba ko da an danna sau goma.

Wannan saita wuri kafin abu ya faru ita ce tsohuwar sana'ar. Kyamara irin wadda ake canza wa gilashi, mai saitin atomatik a cikin jikinta, ba ta yaɗu a kasuwa ba sai da Minolta ta fito da samfurin 7000 a 1985, alhali an ɗauki manyan hotunan wasanni tun kafin nan. Ranar 25 ga Mayu, 1965, a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, Neil Leifer, yana ɗan shekara 22, ya ɗauki Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston yana daka masa tsawa. Kyamarar Rolleiflex ce, da hannu ake murza saitinta, fitilun da ya rataya a saman dandalin kuma sai sun ɗauki daƙiƙu kafin su sake cika, don haka dama ɗaya gare shi. A tsakanin ƙafafun Ali a hoton ana hango wani mai kyamara, Herb Scharfman, abokin aikin Leifer a mujallar Sports Illustrated wanda ya girme shi a sana'ar. Yana ɗaya gefen dandalin, kuma bayan Ali kawai ya gani.

Wurin zama ke nan, kuma ɗan koyo yana da 'yanci a kansa fiye da yadda yake zato, domin a gasar unguwa ko ta makarantu babu mai hana shi zagaya fili. Filin ƙwallo na ƙa'ida mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, kuma babu gilashin da zai cinye shi duka. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a layin tsakiya ana harbin duk abin da ya motsa, a tashi da ɗaruruwan hotunan mutane ƙanana kamar tururuwa. Gara a zauna a bayan layin gida, tsakanin raga da tutar kusurwa, a ɓangaren da ƙungiyar da ake so take kai hari. Daga nan 'yan wasa fuska suke ba mai hoto, ƙwallo na gabansu, kuma wanda ya ci yawanci wajen kusurwa yake rugawa murna. Abin da ya faru a can ɗaya gidan a bar shi ya tafi. A kuma zauna ƙasa, kan ɗan kujera ko a durƙushe: daga ƙasa ɗan wasa yakan yi kwarjini, tsallensa ya ƙara tsawo, bayansa ya zama 'yan kallo ko sama maimakon jar ƙasa.

Kowane wasa da nasa sirrin. A ƙwallon dawaki, wadda Katsina ta shahara da ita tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, doka ta wajabta riƙe sanda da hannun dama, don haka yawancin bugu ta gefen daman doki ake yin sa. Wanda ya san haka ya san ɓangaren da zai ga sanda da ƙwallo da fuskar mahayi a hoto ɗaya. A kokawar gargajiya ta Nijar, wadda gasar takobinta ta faro a Tawa a 1975, 'yan kokawa a sunkuye suke yini, kai na kallon yashi, kuma mai hoton da ya tsaya a tsaye gadon baya kawai zai tara. Sai ya kwanta kusan rub da ciki a bakin fili kafin ya ga idanu.

Rana kuma a bar ta a bayan kafaɗa idan da hali. Idan babu, akwai abin da littattafan koyon hoto da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba, alhali a nan kullum ne: baƙar fata cikin farar riga, a ƙarƙashin sama mai ƙyalli. Ma'aunin hasken kyamara yakan ruɗu da farin, ya rage haske, fuska ta dushe har ba a gane mai ita. Ƙarin haske na kashi biyu cikin uku na mataki, ko mataki guda cur, yakan dawo da ita. Idan rigar ta ɗan ƙone ba komai, iyayen yaron fuskarsa suke nema. Lokacin hunturu hazo yana cinye bambancin haske da duhu, saiti ya yi ta kai da komo a kan abin da ke nesa, a bazara kuma hucin da ke tashi daga ƙasa yana lanƙwasa hoton duk abin da ya yi nisa. Maganin duka biyun ɗaya ne, a jira wasa ya matso. Canza gilashi a tsakiyar ƙurar fili kuwa gayyato ɗigon datti ne a kan sensa, wanda zai bayyana a kowane hoto har sai an wanke.

Ɗauka a jere tana da amfani, amma an ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, a gudun 1/1000, abin da ta gani a cikin daƙiƙar nan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Sauran duk ya wuce tana rufe. Ƙwallon nan mai gudun mita 28 a daƙiƙa tana yin kusan mita 3 tsakanin hoto da hoto, shi ya sa ake samun ɗaya ƙafa ba ta kai ga ƙwallo ba, na gaba kuma ƙwallon ta fice daga hoton. Ga shi ɗan Adam yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tsakanin gani da dannawa. Wanda ya jira ya ga naushi ya sauka, faɗuwa zai ɗauka. Dole a danna a kan alamar da ke zuwa kafin abin: nauyin ɗan dambe ya koma kan ƙafar baya, kafaɗa ta faɗa, mai bugun tazara ya dasa ƙafar tsayuwa a gefen ƙwallo, mai tsalle ya lanƙwasa gwiwa. Hotuna uku ko huɗu daga wannan lokaci sun fi talatin da aka fara a makare. Ido na biyu kuma a bar shi a buɗe, domin shi ke ganin wanda ke shigowa daga gefe.

Hoton da ya zagaya duniya daga gasar Olamfik ta 2024 haka aka same shi. Ranar 29 ga Yuli, a gaɓar Teahupo'o ta tsibirin Tahiti, Jérôme Brouillet na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauki ɗan Brazil Gabriel Medina tsaye a iska, yatsa a sama, allon hawan igiyar ruwansa na tsaye a gefensa. Brouillet yana cikin kwale-kwale tare da wasu masu hoto. A Tahiti yake zaune, ya daɗe yana ɗaukar wannan wasa, ya kuma san yadda Medina yake fita daga igiyar ruwa idan hawan ya yi masa kyau. Ya riga ya auna inda mutumin zai ɓullo.

Bayan an iya tsayar da motsi, sai a koyi sakinsa da gangan. A wasan kusa da na ƙarshe na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Rio, cikin Agustan 2016, Cameron Spencer na Getty Images ya rage gudun ƙyaurensa zuwa 1/40, ya bi Usain Bolt da kyamara daidai da gudunsa. Ƙafafu da filin duk suka zama zane, fuskar Bolt kaɗai ta tsaya, ya waiwayo yana murmushi. Dabarar ita ce a kafa ƙafafu, a manne gwiwar hannu a jiki, a juya daga ƙugu, a danna ana cikin juyawa, kuma kada a tsaya bayan an danna. Ta dace da sukuwa da tseren keke ƙwarai. Ba ta buƙatar fili kafin a koya: bakin titi ya isa, a fara da babura a 1/125, a riƙa saukowa zuwa 1/60 da 1/30 yayin da hannu ke faɗawa. Yawancin hotunan za su lalace, har a hannun ƙwararru, kuma ba a gwada ta a kan bugun da zai raba gardama a wasan ƙarshe.

Mai waya ma yana da rabonsa idan ya san iyakarta. Jawo hoto da yatsu biyu yawanci yanke shi ne kawai da buɗa shi, don haka ƙafa ce za ta yi aikin matsowa. Wasannin da ake yi a ƙaramin fili, dambe, kokawa, langa, ƙwallon tebur, sun fi dacewa da ita. A danna allo a riƙe a kan wurin da ake sa ran karo har saiti ya ƙulle, a yi amfani da ɗauka a jere, idan kuma wayar tana da saitin Pro a ɗaga gudun ƙyaure da hannu.

Aikin da ya fi koyarwa a gida ake yin sa, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin a goge hotunan da suka lalace, a buɗe su a kwamfuta, a faɗaɗa, a tambayi kowanne abin da ya same shi. Idan komai na cikinsa ya goge ta fuska ɗaya, har da turakun raga, hannu ne ya yi rawa. Idan ciyawa da turaku sun fito amma ɗan wasa ya ja zane, ƙyaure ne ya yi jinkiri. Idan kuwa akwai wani abu a gaba ko a baya da ya fito tar, saiti ne ya kauce, kuma manhajojin da Canon da Nikon ke bayarwa kyauta suna nuna ainihin inda ɗigon ya sauka. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin gudun ƙyaure da ƙofar haske da ISO da lokacin da aka ɗauke shi, don haka mai hoto zai iya gano cewa, misali, daga ƙarfe shida saura kwata ne hotunansa suka fara lalacewa. Ranar wasa na gaba, idan wannan lokaci ya yi, sai ya duba lambobin da ke ƙasan kafar leƙensa, ya ɗaga ISO, ya matsa ɓangaren filin da rana ba ta gama barinsa ba.